Ƙaramar makarantar kuɗi a bayan layi, ko babba mai bene da mota?

Tambaya

Assalamu alaikum Malama, ya aiki, ya ɗalibai? Ni uwa ce a Tudun Wadan Zariya. Ɗana na fari shekararsa bakwai, ya gama aji biyu a firamaren gwamnati, amma ajin nasu ya cika maƙil har malamarsu ba ta riƙe sunansa ba. Akwai wata ƙaramar makarantar kuɗi a bayan layinmu, gida ne aka mayar makaranta. Yaran duka ba su kai ɗari ba, kuma babu ajin da ya wuce yara goma sha biyar. Sun ce aikinsu shi ne shirya yara su ci jarrabawar shiga manyan sakandare. Sun gwada shi sun ce yana da ƙoƙari, za su kai shi aji huɗu kai tsaye, daga aji biyar kuma ya zana jarrabawa, don su ba su da aji shida. Ba a yin Hausa a cikin makarantar, kuma ana haɗa boko da hadda har ƙarfe huɗu na yamma. Maigidana ya fi son wata babba mai bene da motar ɗaukar yara, ya ce ƙaramar ko kama da makaranta ba ta yi masa ba. Ni kuwa hankalina ya fi kwanciya da ƙaramar. Don Allah Malama, yaya rayuwar yaro da karatunsa suke a irin wannan makaranta, kuma wacce za mu zaɓa?

Amsa

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya raya shi, ya yi masa albarka. Ƙanƙantar makarantar ba ta dame ni ba, ko kaɗan. Abin da ya tsaya mini a rai cikin wasiƙarki shi ne maganar tsallake aji uku da rashin aji shida, kuma zan daɗe a kanta. Amma bari mu fara da damuwar maigida, don shi ma yana da gaskiyarsa.

Mu mutanen Zazzau bai kamata mu raina ƙaramin wurin karatu ba. Zaurukan Kona da na Unguwar Juma sun fitar da malaman da ake zuwa ɗaukar karatu wurinsu daga garuruwa masu nisa, kuma babu bene a ciki, sai buzu da tabarma. Ƙarfin zaure shi ne malam ya san inda kowane ɗalibi ya tsaya a littafinsa, ya san wanda ya gane da wanda ke gyaɗa kai kawai. Wannan ne abin da ƙaramar makaranta za ta iya ba ɗanki in ta ga dama. Ki yi lissafi da kanki. Darasi na minti talatin da biyar, yara goma sha biyar, kowane yaro zai samu minti biyu ya karanta da babbar murya malama na saurare tana gyara masa. In yaran sittin ne, rabin minti zai samu, wato a gaskiya ba zai samu komai ba, sai dai a bi bakin malama gaba ɗaya a rera. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, kuma ke kin ga yadda ajin da ya fito yake.

An gwada wannan a aikace. A jihar Tennessee ta Amurka, daga 1985 zuwa 1989, an raba dubban yara ta hanyar ƙuri'a, wasu a aji na yara 13 zuwa 17, wasu a na 22 zuwa 25, tun daga ajin share fage har aji uku. 'Yan ƙananan ajin suka fi a karatu da lissafi, kuma 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi su suka fi cin moriya. Sai dai a wancan gwajin malaman ɓangarorin biyu duk ƙwararru ne iri ɗaya, yawan yara kaɗai aka bambanta. Nan ne lissafinmu na gida yake karkacewa.

Makarantar da yaranta ba su kai ɗari ba, kuɗin da ke shigo mata kaɗan ne. A ciki za a biya haya, a sayi alli da man janareta, mai makaranta ya ɗauki nasa, sannan a biya albashi. Wanda ake matsewa kullum shi ne malami. Zariya ba ta rasa masu takardar koyarwa, ga tsohuwar kwalejin horar da malamai ta FCE da yanzu ta zama jami'a, ga ABU, duk shekara ana yaye matasa. Amma da yawansu ƙaramar makarantar kuɗi wurin fakewa ce kafin aikin gwamnati ya fito, ko kafin aure, ko kafin a koma karatu. Wasu 'yan bautar ƙasa ne, shekara guda su tafi. Akwai makarantun da ba sa biyan albashin dogon hutu, sai malama ta nemi wani wurin kafin a dawo. Yaro ya saba da Anti wance, ta fahimci cewa yana juya b da d, ta fara gyara masa, zango na biyu sai ga sabuwar fuska. Shi ke nan amfanin ƙaramin aji ya tafi, don sanin yaro ba a rubuce yake a rajista ba, a kan malamar yake, kuma ta tafi da abinta.

Saboda haka tambayar farko da za ki yi wa mai makarantar ita ce: malamar aji ukun nan, tun yaushe take koyarwa a nan? Ta biyu: tana da NCE? Ita ce mafi ƙarancin takardar da doka ta yarda a koyar da ita, kuma ya kamata malami ya yi rajista da hukumar rajistar malamai ta ƙasa, wato TRCN. Iyaye da yawa sun guji makarantun gwamnati bayan gwajin 2017, lokacin da malaman firamare 21,780 cikin kimanin 33,000 suka faɗi jarrabawar da gwamnatin jihar Kaduna ta yi musu. Abin da ake mantawa shi ne malaman makarantun kuɗi ba su shiga wannan gwaji ba. Ba cin sa suka yi ba, ba a ba su takardar ba ne.

Rayuwar yau da kullum kuwa, tana da daɗinta. Da safe mai makaranta na tsaye a bakin ƙofa, ta san sunan kowa, ta san mai napep ɗin da ke kawo wane, ta san wanda ya zo da kumburin ido don an yi rigima a gida. Ran da ɗanki bai zo ba, kafin a tashi tara an kira ki. Yaro mai kunya yakan buɗe baki a irin wannan wuri, don in za a yi ɗan wasan kwaikwayo ko muhawara dole kowa ya samu abin yi, babu inda zai ɓuya. Cin zalin manya ga ƙanana ma yana da wuyar ɓoyuwa a tsakar gida ɗaya.

Tana kuma da takurarta. Gidan da aka mayar makaranta ba shi da fili, sai tsakar gida mai siminti, kuma yaro ɗan shekara bakwai yana bukatar gudu kamar yadda yake bukatar abinci. Ki tambaya ina suke wasa, kuma sau nawa a mako. Abokai ma kaɗan ne: in maza shida ne a ajin, uku suka haɗe masa kai, ba shi da wasu da zai koma wurinsu. Sai kuma abin da ba a faɗa a fili. A ƙaramar makaranta kowane uba babban kwastoma ne, ficewar yara uku na gida ɗaya na iya girgiza albashin wata. Don haka ba a son ɓata wa iyaye rai, ba a son yaro ya faɗi. Sai ki ga katin sakamako cike da tamanin da casa'in, kowa hazikin kansa. Kada "ya zo na biyu" ta ruɗe ki a ajin yara goma sha biyu. Wannan gwajin da suka ce sun yi masa har ya cancanci aji huɗu, ni da ɗan shakku nake kallonsa. Wanda ke neman ki kawo ɗanki shi ne ya auna shi.

Akwai hanyar da za ki auna makarantar da ba ta bukatar digiri. Ki roƙi wata maƙwabciya da ɗanta ke can ta ara miki littafin rubutunsa na Turanci ko na lissafi, ba wanda makaranta za ta zaɓo miki ba. Ki buɗe tsakiya. Ki duba kwanan wata: ana aiki kullum, ko akwai mako biyu da babu komai? Ki duba jan biro. Malamar da ke karanta aikin yaro za ki ga ta zagaye kalmar da ya kuskure, ta rubuta daidai a sama, a ƙasa kuma yaron ya sake rubutawa da hannunsa. Wadda ba ta karantawa, doguwar alama ɗaya take ja daga saman shafi zuwa ƙasa ta rubuta goma bisa goma, alhali ga kuskure nan ɓaro-ɓaro a layi na uku. Sannan ki duba ko akwai abin da yaron ya rubuta daga kansa, ko da jimla uku ce kan kakarsa ko kan ranar sallah. In littafin duka kwafe ne daga allo, rubutu mai kyau, babu tunanin yaro ko ɗaya a ciki, to kin san irin karatun.

Batun hana Hausa ya haɗu da wannan. Na taɓa shiga wani aji huɗu a wata makarantar kuɗi wajen duba ɗaliban koyon aikin malanta. Aka tayar da yarinyar da ake ji da ita, ta karanta shafi guda na Turanci, babu gargada, har da tsayawa a aya da waƙafi. Malamar sai murmushi take. Na tambaye ta da Turanci abin da ya faru da yaron da ke cikin labarin, ta yi shiru. Na ce mata da Hausa, "'Yata, me ya sa yaron ya yi kuka?" Ta sunkuyar da kai tana murza gefen hijabinta, can ta sake karanto mini jimlar farko ta shafin. Ba daƙiƙiya ba ce. An koya mata fitar da sauti, ba a taɓa tambayarta ma'ana ba, kuma harshen da za a yi mata bayani ta gane an haramta shi a ajin.

Ba na jayayya da cewa ɗanki yana bukatar Turanci, da shi zai zana kowace jarrabawa har jami'a. Amma yaro yana saurin koyon karatu ne da harshen da yake tunani da shi, daga nan ya ɗauki dabarar ya kai ta wani harshen. Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwaji a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara duk shekarun firamare shida da Yarbanci, Turanci kuma ya zama darasi mai zaman kansa a hannun ƙwararru. Ba a bar yaran a baya ba, har a Turancin. A Samaru ko wasu sassan Sabon Gari, inda yara 'yan ƙabilu daban-daban ke wasa da Turanci a layi, makarantar Turanci zalla tana da ɗan uzuri. A Tudun Wada yaro da Hausa yake kwana yake tashi. Abin da nake so ki gani shi ne malamar da ke magana da Turanci mai kyau, amma in ta ga idon yara ya yi fari ta juya ta warware da Hausa, sannan ta dawo. In kuwa ana ba monita takarda yana rubuta sunayen masu yin Hausa don a ci su tara ko a zane su, sakamakon da aka fi samu shi ne yaro ya daina magana gaba ɗaya.

Yanzu ga babbar maganar. Ki ɗauki biro mu lissafa. Aji huɗu yana da shekara bakwai, aji biyar yana da takwas, ya shiga ƙaramar sakandare yana da tara, ya gama babbar sakandare yana da goma sha biyar. Jarrabawar shiga kwalejojin tarayya da NECO ke shiryawa, sharaɗinta yaro ya kasance a ajin ƙarshe na firamare kuma ya cika shekara goma zuwa watan Satumba na shekarar. Jami'a kuma mafi ƙarancin shekarun shiga goma sha shida ne. Kin ga a ƙofa biyu za a tare shi. Abin da akan yi don a wuce shi ne a ƙara wa yaro shekaru a takarda, wato a fara masa rayuwar karatu da ƙarya da sanin iyayensa. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Ba takarda ce kaɗai matsalar ba. Aji uku shi ne inda karatu ke zama daram, inda yaro ke tashi daga haɗa baƙaƙe ya koma karanta abu don ya san abin da ke ciki, a nan kuma jadawalin sau ke zaunawa a ka. Daga aji huɗu littattafai suna ɗauka cewa an gama wannan. Yaron da ya fito daga ajin da malama ba ta san sunansa ba, a ce ya tsallake wannan shekarar? Aji shida kuma shi ne inda ake ɗaure ɓangarorin lamba, da kaso cikin ɗari, da lissafin da aka zuba cikin labari, da rubuta insha'i mai kai da gindi. Malaman ƙaramar sakandare sun san waɗannan yaran: zangon farko suna haskawa da abin da suka haddace, ana shiga aljabra sai su dushe, iyaye su fara neman mai lesin.

Sai ki kalli jikinsa da hankalinsa. In burinku makarantar kwana ce, Barewa ko makarantar soja ta NMS ko wata kwalejin tarayya, ki hango ɗan shekara tara yana wanke yunifom ɗinsa, yana layin ɗiban ruwa da asuba, yana kare kwanon abincinsa a tsakanin samari masu gemu. Ko a ta jeka-ka-dawo, wanda ya fi kowa ƙanƙanta a aji shi ake aike, shi ake bari a baya in ana zaɓen 'yan ƙwallo, kuma yakan kwaikwayi manya a abin da bai kai ba don a karɓe shi. Irin wannan makaranta mai shirya yara don jarrabawar shiga sakandare daga Ingila muka gaje ta, inda tun 1904 ake zana irin wannan jarrabawa don shiga makarantu kamar Eton da Harrow. Amma su can bisa al'ada har shekara goma sha uku suke riƙe yaro namiji kafin su miƙa shi. Mun ɗauko jarrabawar mun bar haƙurin.

Me ya sa makarantu ke yanke aji shida? Gaskiya laifin rabi namu ne iyaye. Muna son a ce ɗan wance ya shiga sakandare yana da tara, ga kuma kuɗin shekara guda da aka huta biya. In makaranta ta buɗe aji shida sai ta ga yara uku sun rage, sauran an kwashe su, ba za ta iya biyan malami don yara uku ba. Sai ta rufe ajin, ta mayar da rashin abin talla.

Shirin jarrabawar ma ki bincike shi. Jarrabawar tana da lissafi, da Turanci, da kimiyya, da sanin zamantakewa, da tambayoyin gwada kaifin basira, kuma babu laifi yaro ya saba da tsofaffin tambayoyi da yadda ake cike takardar amsa a zangon ƙarshe. Laifin shi ne shekara biyu ana haddar amsoshi, an ajiye zane da wasa da karanta labari. In sun nuna miki allon talla mai hotunan waɗanda suka ci, ki tambaya yara nawa ne a ajin duka, sannan ki nemi uwa ɗaya da ɗanta ya fita shekara biyu da suka wuce, ki ji yadda yake yi yanzu.

Haɗa boko da hadda abu ne mai kyau, ya kuma sauƙaƙa wa iyaye zirga-zirga. Sai dai daga bakwai da rabi zuwa huɗu yini ne mai tsawo ga ɗan shekara bakwai, musamman a zafin Maris da Afrilu. Ki tambaya yaushe suke cin abinci, ina suke alwala da sallar azahar, kuma malamin haddar nasa ne daban ko malamar lissafi ce ke juyawa. Ki tambaya ko ana muraja'a, don ƙari ba tilawa zubewa yake. In kuma bayan wannan yinin za a loda masa aikin gida na darasi huɗu, ki yi magana.

Sauran abubuwan a taƙaice: ki ga takardar amincewar hukumar tabbatar da ingancin makarantu ta jihar Kaduna da idonki, ba a baki ba. Ki leƙa banɗaki da kanki, ki ga ko akwai ruwa. Ki duba tagogi da ƙofar fita. In gidan haya ne, ki san cewa mai gida na iya tayar da su a tsakiyar shekara. Kuɗi kuma a rubuta miki na shekara duka, har littattafai da yunifom da lesin da bikin yaye ɗalibai, don a nan ake ɓoye rabin kuɗin.

Babbar makarantar da maigida ke so, da wannan ma'aunin za a auna ta, ba da benen ba. Wataƙila ta fi riƙe malamai tunda ta fi kuɗi, wataƙila tana da fili da ɗakin karatu, kuma waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne. Amma ku tambayi yawan yara a aji uku, ku kuma tambayi ƙarfe nawa motar za ta ɗauke shi. Yaron da ake ɗauka tun shida da rabi a zaga da shi gari, a tsaya cunkoson Kwangila, a dawo da shi bayan la'asar a gajiye, ya biya kuɗin motar da barcinsa. Makarantar da zai taka da ƙafa ke ma ki leƙa duk lokacin da kika so tana da wannan fifikon.

Shawarata, ku je tare da maigida, kowace makaranta a safiyar Talata ko Laraba wajen ƙarfe goma, ba tare da kun sanar ba, ku roƙi a bar ku ku zauna a bayan aji uku na darasi ɗaya. In ƙaramar ta ci gwajin littafin rubutu, malamar ajin kuma ta kwana biyu a wurin, ni ita zan zaɓa wa yaron da ya fito daga cunkoso, bisa sharaɗin a sa shi aji uku. Ki faɗa wa mai makarantar tun yanzu cewa zai yi aji shida. In lokacin ya zo ba su buɗe ba, ku mayar da shi wata makarantar da ke da shi ya yi shekarar a can, ko ki haɗa kai da iyaye biyar ko shida na ajinsu tun yana aji huɗu ku yi mata alkawarin barin yaranku, don yawancin masu makarantu za su buɗe ajin in sun tabbata akwai masu biya. In kuwa ta ƙi ku zauna a aji, ko ta dage sai aji huɗu, ku bi zaɓin maigida ku je ku duba waccan.